Na'ura ta Goma Sha Biyu

Takardar da aka ba ta ta ce na'urori goma sha ɗaya ne a ɗakin, amma Rumasa'u ta ƙirga sha biyu. Ta ƙarshen tana lungu, an yafa mata tsohon zani.

Sabuwar doka ta ce duk mai zana fuskar manhaja sai ya yi wata guda yana koyon kula da na'urorin da ke bayanta, shi ya sa aka turo ta wurin Injiniya Tanimu. Ita ta zana manhajar koke-koken birni, har da maballin "Goge", mai share ƙorafin mutum da sunansa idan ya tsorata.

"Baba, waccan fa?"

"Kai, 'yar fenti!" ya ce yana dariya. "Kwana uku kacal, har kin fara ƙirga mana kaya? Je ki duba zafin ta huɗu."

Ba ta je ba. Bara yayanta Sagir ya yi ƙorafi kan filayen unguwarsu. Da kanta ta nuna masa maballin, ta rantse masa babu abin da zai rage. Har yau baƙin fuskoki na zuwa shagonsa suna tambayarsa.

Ta ciro wayarta, ta rubuta ƙorafin gwaji, ta danna "Goge". Sha ɗayan ko gezau. Ƙarƙashin zanin, wata koriyar fitila ta ƙifta sau ɗaya.

"Baba, abin da aka goge, nan yake zuwa?"

Injiniya Tanimu ya dubi wayar, ya ga da sunanta ta aika. Yanzu ita ma za a zo tambayarta. Ya ajiye makullan ɗakin a kan tebur, ya saka takalmansa, ya fita, ya ja ƙofar a hankali.