Kiɗan da Ya Bi Maigida Kabari

Tunda ka ce kai hannunka ya faɗa, sauran 'yan ƙungiya ne ke ja maka baya, to gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai goge.

A wani gari na bakin gulbi aka yi shi. In ya ɗora izga a kan tsirkiya, mace mai daka sai ta tsaya da taɓarya a sama har ya kai aya. Yana ƙarƙashin wani dattijo ne, tare da masu ƙwarya biyu, da mai kalangu, da mai sarewa, da 'yan amshi uku. Shi dattijon ya daɗe da ajiye kayan kiɗa, don yatsunsa sun sandare. Abin da ake gani yana yi bai wuce ya zauna a tsakiyarsu a kan buzu ba. Ya ɗaga gira, sarewa ta shigo. Ya sauke tafin hannu, ƙwarya ɗaya ta yi shiru ta bar 'yar'uwarta. Ya kaɗa kai, kalangu ya amsa wa goge. In zai haɗa sabuwar waƙa kuwa, sai ya yi kwana uku yana gunguni shi kaɗai a gindin tsamiya, sannan ya ja kowa gefe ya ba shi nasa rabon: kai ga inda za ka shiga, kai ga inda za ka numfasa, kai kuma kada ka taɓa fata sai amshi ya zagayo sau biyu. Mai goge yana ganin wannan duk ba aiki ba ne, zaman tsufa ne kawai. A ransa, jama'a goge suke zuwa ji, sauran kuwa rakiya ce. Sau da yawa dattijon yakan ce masa, "Ɗana, yau ajiye gogen nan, zo ka zauna kusa da ni ka ji yadda ake raba wa kowa wurinsa. Wanda ke kiɗa kansa yake ji, ba ya jin taro." Shi kuma sai ya rusuna ya ce, "To Baba, in Allah ya kai mu bayan kaka." In kaka ta wuce ya ce bayan salla. Da haka aka ci shekara goma sha ɗaya, har zazzaɓin kwana biyu ya zo ya ɗauke dattijon.

Ba a yi gardama ba wajen ba mai goge shugabanci, don babu wanda ya kai shi suna. A ƙananan bukukuwa ya riƙa rufe ɓaraka da zaƙin hannunsa, ba wanda ya lura. Sai auren autar marigayin ya taso, ta aiko tana roƙo a kaɗa mata waƙar da mahaifinta ya haɗa ranar sunanta. Da la'asar fili ya cika, mata suka yi da'ira. Mai goge ya ɗaga gira yadda ya saba gani ana yi. Sarewa da kalangu suka faɗo tare, kowanne yana zaton da shi ake. Ƙwarya biyu suka kama rigima da juna, 'yan amshi suka ɗauka tun baiti bai ƙare ba, da suka ji sun yi gaggawa sai suka saki a tsakiya. Ya ƙara wa goge ƙarfi don ya danne su, abin ya ƙara dagulewa. Masu rawa suka tsaya da ƙafa ɗaya a gaba suna kallon juna, an rasa inda za a taka. Ya hango amarya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Can uwarta ta aiko wata dattijuwa, ta zo ta durƙusa kusa da shi ta ce a hankali, "Ta ce an gode, Allah ya saka. Ku huta haka nan." Bai taɓa jin zagin da ya kai wannan godiya ciwo ba.

Washegari ya bi su gida gida, yana roƙon kowa ya faɗa masa yadda waƙar take. Mai sarewa ya busa masa nasa tsaf, ya ce, "Wannan shi ne nawa. Lokacin shiga kuwa, wallahi fuskar Baba nake kallo." Mai kalangu ma haka, masu ƙwarya ma haka. Kowa na riƙe da zarensa, amma wanda ya san saƙar yana ƙarƙashin ƙasa, kuma mutum ɗaya tak ya taɓa kira don ya koya masa, shi ne mai goge. Daga ranar mai goge ya rataye gogensa in ana gwaji, ya zauna a tsakiya yana saurare, yana haɗawa yana warwarewa. Mai sarewa ya gaji ya koma kamun kifi, ɗaya daga cikin masu ƙwarya ya rasu da rabonsa a ka. Furfura ta cim masa yana wannan fama. Cikin waƙoƙi fiye da arba'in, bakwai ya iya tayarwa, su ma in an kaɗa sai tsofaffin mata su gyaɗa kai su ce, "Ya yi kusa, amma ba shi ba ne." Ba ya musu. Yakan sunkuyar da kai ne kawai, don ya fi su sanin haka.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, da na sani ƙeya ce, a baya take.