Kunnen Nu'uman

Mariamou, ƙawata, ajiye ɗinkin nan ki karanta. Labarin wani yaro ne a nan Riyad, mu ce sunansa Nu'uman.

A unguwar Manfuha aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa. Aikinsa shi ne ya je inda ake kiɗa, ya dawo ya rubuta wa wata mujalla yadda abin ya kasance. Ba irin kiɗan bikinmu ba. Turawa ne ke zuwa da waƙoƙin shekara ɗari uku, ashirin na rerawa, ashirin na goga kayan kiɗa irin na da, masu tsirkiyar hanjin tunkiya. Mujallar ce kafil ɗinsa, wato ita ke tsaya masa a wurin hukuma. Iƙamarsa, wato katin izinin zama, da ta matarsa da 'ya'yansa biyu, duk a hannunta suke.

Mutum ne marar hayaniya. Ba ya ɗaukar waya, sai dai a tura masa saƙo. Idan ana yi masa magana, yakan tsura wa mutum ido har ya gama, mutane suna cewa ladabi ne. Kuma duk inda za shi da mahaifiyarsa yake zuwa, wata tsohuwa mai baƙar abaya, 'yar wani mai goge ce daga Damagaram. Tun ranar aurenta ta rabu da kiɗa. Takan zauna a gefensa da carbi da ƙaramin littafin addu'o'i, idan an tashi ta yi istigfari har mota.

Wata safiya mudir ɗinsa, wato shugabansa a wurin aiki, Sha'aban, ya kira shi ofis.

"Ya Nu'uman, mai gida zai rage ma'aikata, ku biyu ne a kujera ɗaya. Iƙamarka saura wata guda. Ranar Alhamis akwai masu kiɗa daga Turai. Ka rubuto abin da zan nuna masa."

Nu'uman ya bi bakinsa da kallo, ya ce, "Tayyib."

Ranar Alhamis bayan magariba suka isa zauren kiɗan. Mai duba tikiti ya ce kujera ɗaya aka ware wa mujalla, a layi na uku. Tsohuwar kuwa sai can baya, gefen hagu, ƙarƙashin na'urar sanyi.

"Hajiya ai barci za ta yi," in ji shi, yana dariya. "Can ya fi mata daɗi."

Nu'uman ya tsaya kamar an dasa shi. Shekara huɗu ba su taɓa zama a rabe ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Je ka zauna. Ina nan."

Ya zauna. Masu kiɗa suka fito suka daɗe suna murɗa tsirkiyoyinsu, don hanji ba ya jure sanyi da bushewar iska. Ya kalli hannuwa suna kai da komo. Ya kalli bakuna ashirin suna buɗewa tare, suna rufewa tare. Takardarsa na kan cinyarsa, bai rubuta komai ba. Da aka fara tafi, shi ma ya tafa. Sau biyu ya waiga. Kanta na sunkuye kan littafin addu'o'inta.

Suka hau tasi suka koma. Da suka kai ƙofar gida ta miƙa masa littafin ta ce ya riƙe mata, za ta yi alwala.

Ranar Asabar rubutun ya fito. A ciki ya ce, a kashi na biyu, sanyin gefen hagu ya sa tsirkiyar babban goge ta saki kaɗan. Wata mata cikin masu rera waƙar ce kaɗai ta ji, sai ta sassauto da muryarta daidai da shi, yadda mace ke gyara wa 'yar'uwarta zane a cikin taro ba tare da ta kalle ta ba.

Kwana biyu bayan nan shugaban masu kiɗan ya aiko wa mujallar wasiƙa. Ya ce haka aka yi, kuma shi kansa da ke tsaye a gabansu sai daga baya matar ta faɗa masa.

Aka sabunta iƙama. Sha'aban ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wannan kunnen naka, Allah ya tsare shi daga ido. Wa ya koya maka?"

"Gida," in ji Nu'uman.

Bai yi murna ba, bai kuma yi baƙin ciki ba. Ya kawo sabon katin ya ajiye a gaban tsohuwar. Ta bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da tsinke zogale.

Mariamou, kin sha yi mini tsiya kan abin da ya sa na koyi rubutu da furfura, ni kaɗai, da littafin jikokina. Don Allah abin ya tsaya tsakaninmu, ko mijinki kada ya ji: shekara huɗu ke nan da zazzaɓi ya tafi da jin ɗana gaba ɗaya, kunnen da ake yabo a Riyad ƙarƙashin mayafina yake.