Rigar Kakan Isyaku

"Iya, wane launi ne rigarsa?" in ji Malam Isyaku, ya miƙa wa Iya Saudatu ɗan mutum-mutumin yumɓu.

Shekarar bikin al'adu na Festak ce. Ƙananan mayaƙan dauri yake ƙerawa don baje koli a Wudil. Saura fentin kakansa Maikano, wanda tun muna yara ake ce mana shi ya ceci garinmu Kausani daga mahara. Wannan tsohuwa kaɗai ta rage cikin waɗanda suka gan shi.

Ta daɗe tana jujjuya yumɓun.

"Shuɗiya ce, ɗan nan. Da jan faci a baya, ɗinki bakwai."

Ya yi dariya. "Kai, Iya! Har ɗinki kika ƙirga?"

"Kwana uku ina biye da shi zuwa kasuwar bayi, igiyarsa a wuyana."