Ƙwarya Biyu

Tawa ta canza. Tutar Faransi ta sauka daga gidan kumandan, wanda ke zaune ciki yanzu baƙar fata ne mai jin Hausa. An gina lakwal, makarantar boko, a filin da Alƙasum da abokinsa Arzika suke kokawa suna yara. Rediyo na surutu a rumfar mai shayi, kamiyo, manyan motocin kaya, na shigowa har bakin kasuwar dabbobi. Safi, wadda kowa ya san budurwar Arzika ce, tana Kalfu da goyon wani. Shi kuwa Arzika, badukun da ake zuwa tun daga Takanamat neman ɗinkinsa, ya aje basilla ya koma sayar da itace.

Duk wannan bai dami Alƙasum ba. Abu ɗaya ya dawo da shi daga Kumasi, can ƙasar Kurmi, kuma yana ɓoye cikin hannun rigarsa.

Wata rana can yana dako, ya ji ƙaurin nama, ya duba, ashe damtsensa ne jingine da fitila. Bai ji komai ba. Likita ya ga farin tabon da ke wurin, ya soka masa allura ya ce, "Ka ji?" Bai ji ba. Likitan ya faɗi sunan ciwon, ya ce akwai magani amma na shekaru ne, ya gargaɗe shi: ciwon nan ji yake fara kashewa, mutum sai ya ji rauni bai sani ba.

Kuturta. A ƙasarsu ta Adar, wanda aka kira da sunan nan an raba shi da kwanon mutane har abada. Uwarsa ba za ta iya ɗauka ba. Ƴan'uwa za su yi masa bukka bayan gari. Mutum ɗaya ne duniya zai iya faɗa wa: Arzika, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya, suka tashi suna shan fura ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya.

Ya same shi gaban tulin itacensa. Arzika ya miƙe zumbur, fuskarsa ta cika da murna, sai kuma ya tsaya cak. Ya dafa ƙirji da hannu biyu.

"Ɗan Kurmi! Ashe kana da rai, ja'iri?"

Bai miƙo hannu ba. Da aka kawo fura, ƙwarya biyu aka kawo. Arzika ya ja tasa can gefen tabarma.

Alƙasum ya tuna ƴan ci-rani na zuwa suna komawa. Lalle wani ya riga shi kawo labari.

Ya ƙi yarda. Ya sayo tsire mai zafi ya buɗe tsakaninsu, Arzika ya ce ya ƙoshi. Ya matsa kusa da shi a sahun masallaci, Arzika ya zame ya koma ƙarshen sahu. Ya kai masa hular da ya sayo masa da kuɗin dako, ya ce, "Gwada mu gani." Arzika ya ce, "Aje nan bisa itace, na gode."

Maganar da ya ɗauko tun daga bakin kurmi ta ƙi fita. Ya daina cin abinci. Yana zagaya gari kamar mai neman ɓataccen jaki, yana jan hannun riga, yana ganin kowa kallonsa yake. Ranar kasuwa ya tsaya bakin rijiya mai zurfi ya daɗe yana leƙa duhunta, har mata masu ɗiba suka ce ya matsa.

Daga nan ya wuce wurin itace.

"Arzika, mi na yi maka?"

"Ba ka yi komi ba."

"To zo mu sha hura kamar da. Ƙwarya guda."

Arzika ya kau da kai, ya kama gyara itacen da yake a gyare.

"Wallahi ba ƙi ba ne, Alƙasum. Bari dai."

Shi ke nan. In wanda suka tashi tare yana ƙyamarsa, wa ya rage? An ce akwai wani asibiti can hanyar Maraɗi inda ake karɓar irinsu, ba a tambayar dangi. Ya gaya wa uwarsa Kurmi zai koma. Ta yi kuka, ta ce ƙafarsa ba ta san zama ba tun yana yaro.

Da hantsi yana tsakar gida yana ɗaure tabarma da buta, sai ga sallama. Arzika ne, ƙafa ba takalmi, yana haki. Ya ji labari ya rugo ta gajeriyar hanya, ta cikin aduwoyin bayan kasuwa. Ya tsaya nesa kamar kullum. Ya aje ƙullin guzuri a ƙasa, ya tura da sanda.

"Tahiya za ka yi ba sallama?"

Alƙasum bai ɗago ba. Ya ja igiya ya ƙulle.

"Ƙuli-ƙuli ne. Inna ta ƙulla shi da kanta," in ji Arzika. "Ka ci ba tsoro. Hannuna bai taɓa ba."

Hannun Alƙasum ya tsaya bisa igiya. Idonsa ya sauka kan ƙullin, ya wuce shi, ya ga ɗigon jini a rairayi, ya bi shi da kallo tun daga bakin zaure har inda abokinsa yake.

Ƙayar aduwa ce, doguwa kamar basilla, ta shiga tafin ƙafar ta ɓullo ta sama, Arzika kuwa na tsaye a kanta da dukan nauyinsa, bai sani ba.