Geron Bakin Turmi

A shekarar yunwa, Inna tana dakau a gidan wani falke a Gumel, ladanta dusa. Wata rana da la'asar ina gefen turmi, na damƙi surfaffen gero na cusa a baki. Ta gani. Ba ta doke ni ba, taɓarya kawai ta ajiye.

"Uwar gida, 'yata ta ci miki gero."

"Haba Dije! Ko kaza ai ta fi haka tsinta."

"Ni ban haifi kaza ba."

Ta ɗebi tafi biyu daga dusarmu, abincinmu na ranar, ta zuba a ƙwaryar matar. Sannan ta dube ni ta ce, "Haɗiye."

Na haɗiye. Yanzu haƙorana duk sun zube, amma ban taɓa cin abin da ya tsaya mini a wuya kamar geron nan ba.