Irin Randa

Irin randar Farfesa Tabawa ya sake mutuwa, karo na uku a wata guda. Ta ɗauki kofi ta shiga maƙwabta.

Tun da rijiyoyin garin suka gurɓace, ba a shan ruwa sai ya kwana a randa mai iri, wasu ƙwayoyin halitta kore-kore da ke cinye dafin. Ba a sayar da iri. Roƙonsa ake yi, kamar yadda ake ɗibar wuta a da.

Lantana, matar gidan, ta ɗebo mata, yara biyar na ta rububin moɗa a bakin randar.

"Hajiya, ke ma dai! Ai iri ba ya zama a randar da hannu ɗaya ke shiga. Masana ne suka faɗa."

"Haka ne," in ji Tabawa.

Ita ce ta rubuta wannan maganar shekara talatin da suka wuce, tare da abokan bincikenta shida. Su bakwai randa ɗaya suke sha a ɗakin gwaji, irin bai taɓa mutuwa ba. Yanzu uku sun rasu, sauran sun watsu a duniya, sai gaisuwar Sallah ta waya.

Ta koma gida ta zuba irin, ta rufe randar, ta jima a tsaye. Sannan ta leƙa ta katanga.

"Lantana, don Allah in yara sun ji ƙishirwa, su riƙa zuwa nan su sha."

"To, Hajiya. Amma fa namu ya fi sanyi."