Jahilin Tsafe

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, aka fara yi wa Malam Sahabi ɓarna. A ranar ce Halima, tsohuwar ɗalibarsa mai rubuta manhaja a Gusau, ta kwashe rumbun kalmominsa daga tsohuwar kwamfuta mai Linux zuwa sabuwa mai Windows.

Tun da ya yi ritaya yake tara kalmomin Zamfarci a Bungudu, irin su gujjiya da mussa, kowace da ma'anarta da sunan wanda ya kawo ta. Dubbai ne, har ya manta wasunsu. Tsofaffin ɗalibansa ma kan shiga ta waya su ƙara, shi kuma ya duba.

Mako bai cika ba ya ga nasa kalmomin suna raguwa.

Ga kuma Muktar na Tsafe, wanda tun yana aji uku Malam ya yanke hukunci a kansa. Kullum Malam ya buɗe rumbun da hantsi, sunan Muktar ne ko'ina. Shi kuwa malamin ƙwarai, da ganin suna ya san makin takarda. Wannan ma'ana ta yi tsawo, a goge. Wannan misali na tsofaffi ne, a goge. Har saƙo ya tura zauren tsofaffin ɗalibai cewa jahilci bai yi ritaya ba. 

Nasa kalmomin dai suka ci gaba da ɓacewa. Ya sa babbar riga, ya shiga motar Gusau.

"Ke Halima, mi kika yi min? Ina son sunan mai goge min aiki, kuma ya ba ni haƙuri a gaban jama'a."

Ta duba, ta dafe kai.

"Malam, wannan kuskurena ne. A tsohon tsari, duk wanda ya shiga ana buɗe masa aji nasa da allonsa. Wannan kwamfutar buɗe aji na yi mata nauyi, sai na tara kowa a aji ɗaya. Na manta allon suna ɗaya ne. Wanda ya shigo ƙarshe, sunansa ke hawa kan duk kalmar da aka buɗe."

"Ban zo darasi ba. Suna nika so."

"Muktar kan shiga da hantsi, amma karatu kawai yake yi. Tsoron jan bironku ya hana shi rubutu."

Ta raba wa kowa allonsa, ta juyo masa kwamfutar. Ashe duk kalmomin da Malam ya goge yana zaton na Muktar ne, nasa ne.

Malam Sahabi mutum ne mai magana ɗaya, don haka buƙatarsa na nan daram: wanda ya goge masa aiki, ya kuma kira shi jahili a zaure, wato Malam Sahabi na Bungudu, ya fito bainar jama'a ya ba shi haƙuri.